Wa Ya Haukata Akawali?

Ina zaune a ƙofar gida ina ɗaure takalmina da waya, sai ga 'yata ta faɗo, mayafi a hannu, numfashi sama-sama.

"Baba, sun kulle shi."

"Wa?"

"Baban yara. Wai shi ya haukata doki."

Na ci gaba da murɗa wayata. Shekara arba'in da bakwai ina bin sawu, kuma abin da na fara koya shi ne wanda ya tashi da gudu shi yake take shaida. Harsashi biyu sun shiga jikin nan. Ɗaya ya fita, ɗaya yana nan a cinyata yana faɗa mini in za a yi ruwa. Ban taɓa zama a aji ba. Ko sunana aka rubuta da girman ƙofa, sai in wuce shi ban gaishe shi ba. Amma ƙasa ba ta taɓa rubuta abin da ya gagare ni karantawa ba.

"Zauna ki faɗa mini daga farko," na ce.

Ta ƙi zama. Mijinta shi ke kula da dawakai a bargar da ke bayan gari, inda masu hali ke zuwa koyon hawa. Jiya da tsakar rana ya ɗaura wa wani akawali sirdi, wato baƙin doki, wanda ya fi kowane doki daraja a gidan. 'Yar maigidan ce ta hau, tana shirin wata gasa. Suna shiga fili dokin ya fara fizgar kai sama da ƙasa kamar ana soka masa allura a hanci, ya miƙe da ƙafa biyu, ya maka ta a jikin shinge. Tana asibiti, ƙugu ya karye. An samu gwangwanin tabar shaƙa a aljihun surukina, kuma shekaranjiya kowa ya ji maigida ya ci masa mutunci a gaban baƙi.

"Sun ce taba ya hura masa a hanci don ya rama. Da la'asar Sajan zai tafi da shi. Dokin kuma za a harbe."

Gaskiya ban taɓa son mijin nan nata ba. Mutum ne da za ka yi masa magana goma ya ba ka "to" ɗaya. Amma jikokina biyar ne a ɗakinsa. Na sa takalmi.

* * *

Na tarar da bargar cike da mutane, kowa da fatawarsa. Wani ya ce ƙwaya ce, wani ya ce iska ce, wata mai sharar gidan ta rantse tun ranar da aka ɗauki mutumin nan aiki ta ga mugunta a idonsa. Sajan yana zaune a kan buhun dusa a ƙofar ɗakin abincin dawakai, inda aka kulle surukina. Ya san ni. Ni na taɓa samo masa shanu goma sha tara da shi da yaransa suka yi kwana shida suna nema a gabas alhali suna yamma.

"Baba Mai Sawu, wannan ba aikinka ba ne. Ba abin da ya ɓata."

"Hankalin doki ya ɓata. Ba ni zuwa la'asar."

"Ko minti ɗaya ba zan ƙara maka ba."

An ɗaure dokin a turke a tsakiyar fili, nesa da sauran, wai kada ya shafa musu hauka. Na tsaya na kalle shi. Sai ya fizge kai sama, ya sake fizgewa, ya yi atishawa, ya sunkuya ya goga hancinsa a ƙafarsa ta gaba, ya goga a ƙasa, ya ɗaga ƙafa ya doki hancin nasa. Fatar hancin duk ta saluɓe. Na ga mahaukacin kare, na ga mahaukacin sa. Mahaukaci yana neman wanda zai cuta. Wannan neman inda zai ɓoye fuskarsa yake.

Maigida ya iso daga asibiti, idanunsa jajir.

"Kai ne surukin? Ka zo ka wanke shi?"

"Na zo in duba, ranka ya daɗe. In shi ne, ni zan riƙe wa Sajan ƙofar mota."

"'Yata tana can an ɗaure ta da ƙarfe. Duba duk abin da za ka duba."

* * *

Surukina yana ganina ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Baba."

"Kwana yana wajen masu 'yanci. Ka hura masa taba?"

"A'a."

"Me kuma?"

"Shi ke nan."

Kun ji irinsa ko? Wuƙa a wuya, yana rowar magana. Da ƙyar na tatso sauran. Kullum da sassafe ko da yamma ake hawan dokin. Wannan ne karo na farko da aka fitar da shi da tsakar rana, don a lokacin ne za a yi gasar. Yana da wata raga da ake sa masa a fuska saboda ƙuda, tun ranar da aka sayo shi da ita ya zo. Jiya ya neme ta a ƙusar da ake rataye ta, babu. Ya nema ko'ina. 'Yar maigida ta gaji da jira ta ce, ƙuda ne ba zaki ba, ɗaura sirdi.

"Da rana ina kake zuwa?"

"Gida, cin abinci. Kullum."

"Wa zai shaide ka?"

"Ita."

"Matarka. To, ko kaza aka kama, zakara ba ya shaida."

* * *

Likitar dabbobi tana wajen dokin da jakarta, wata siririyar mace mai tabarau. Da na ce mata "'yar nan" ta dube ni ta saman gilashi, sai na koma "Likita".

"Taba ce?"

"Na wanke hancin, ba komai. Kuma taba ba ta kwana tana aiki. Awa ɗaya ta isa ya atishe ta."

"To mene ne?"

"Abin da ke sa doki kaɗa kai yana da yawa, Baba. Kaska ko ƙwari a kunne: na haska, kunnen tas. Haƙori in ya yi kaifi yana yankar kunci, sai a goge shi da zarto: nasa an goge wata uku da suka wuce. Ido lafiya. Ba majina mai wari da za a ce ciwo ne a cikin ƙashin fuska. Saura linzami."

Da ta ambaci linzami sai wani ya yi tsaki a bayanmu. Baduku ne, mai ɗinka wa gidan sirdi da ragama. Tun safe wasu ke raɗe-raɗin sabon kan linzamin da ya kawo makon jiya ne ya matse dokin a ƙeya.

"Shekara talatin ina wannan sana'a," ya ce, "ba dokin da ya taɓa kai ƙarata."

"Da suna magana da ka sha sammaci," na ce.

"Tsoho, auna ka gani! Yatsa biyu na shiga ko'ina. Ga shi yanzu ba linzami a bakinsa, ya daina?"

Bai daina ba. Ragamar igiya ce kawai a kansa, sako-sako.

"Ni duk abin dokin nan da hannuna na yi," Baduku ya ci gaba, ya samu mai saurare. "Har ragar fuskarsa sau uku na sake ta. Baƙa, mai kauri, kamar ta makoki. Na ce a bari in yi fara mai shan iska, ƙuda bai san launi ba. Goga ya ce a'a, baƙar dai."

"Wane ne Goga?"

Ya nuna min da haɓa.

* * *

Goga shi ne mai horar da dawakan gidan. Yana zaune a inuwar rumfa, takalman hawansa na fata suna ƙyalli. A zamaninsa ba mahayin da ya kai shi, hotunansa ne suka cika bangon ofis. Shi ke hawan akawalin a kowace gasa har bana, da maigida ya ce ya huta haka nan, 'yarsa za ta karɓa.

Na miƙa masa hannu. Ya miƙo nasa, ya tallafe shi da na hagu kamar mai ladabi. Hannun ya kwanta a cikin nawa kamar jiƙaƙƙen tsumma.

"Dattijo, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Abin tausayi. Mutumin nan ba shi da hayaniya, amma ka san shiru-shiru ba tsoro ba ne."

"Kana ina da abin ya faru?"

"A bakin fili. Ni na ɗauke ta. Tun tana shekara shida nake ɗora ta a sirdi."

"Dokin ya taɓa yin haka?"

"Shekara biyu ina kansa. Ko sau ɗaya."

Ya ɗauki kofin shayinsa da hagu ya kurɓa. Na lura, na ajiye. Ba na gina ɗaki da tubali ɗaya.

Maigadi na samu a bakin ƙofa, shi kuma ya ce aljanu ne, kuma yana da hujja: da asuba dokin lafiya lau yake, har dusa ya ci a hannunsa. Hantsi na dubawa suka dawo.

"Aljanun naka ba sa sammako ke nan?" na ce.

"Ka yi ba'a. Ni dai na gani."

Na fi yarda da shi a kan duk masu ilimin gidan. Ya faɗi abin da ya gani, fassarar ce kawai ya ɓata.

* * *

Na ce kowa ya tsaya inda yake, na bi sawun jiya. Daga ƙofar barga zuwa filin hawa akwai hanya mai yashi, bishiyoyi a jere gefe guda. Kofaton akawalin ba ya ɓata, na bayansa na dama yana ɗan juyawa waje. Taku talatin na farko, a ƙarƙashin bishiyoyi, lafiya: kofaton baya yana faɗawa cikin gurbin na gaba kamar an auna. Sai wani wuri da aka sare bishiya ɗaya. A nan sawun ya tarwatse. Ya ja baya, ya karkata, ga dogon layi a yashi inda ya goga hanci. Taku biyar, aka sake shiga bishiyoyi, sawun ya daidaita. Wajen da bishiyoyin suka ƙare gaba ɗaya aka shiga fili, nan ne ƙasa ta zama kamar an yi dambe.

Na ɗaga kai na dubi sama, na dubi ƙasa. Na koma da baya na sake bi. Taba ba ta san inuwa ba. Ƙwaya ba ta san inda aka sare bishiya ba.

Na kira Likita na nuna mata. Ta cire tabarau.

"Akwai shi," ta ce. "Na karanta, ban taɓa gani da idona ba. Wata jijiya ce da ta ratsa fuskar doki har hanci. A wasu dawakan takan lalace, ta riƙa harbawa kamar wutar lantarki. Wani dokin iska ke tayar masa, wani gudu, wani ƙurar fure. Wani kuma hasken rana. Ka san mutanen da in sun fito rana sai atishawa?"

"Marigayiya matata."

"To kamar haka, amma da azaba."

"Yana warkewa?"

"Ba kasafai ba. Lallaɓa shi ake. Raga mai tare haske a ido, ko ƙaramar raga a kan hanci, a ajiye shi a inuwa da rana, a hau shi safe da yamma. Akwai magungunan da ake sa wa a abinci, wani su yi masa aiki, wani a banza." Sai ta juya ta dubi turken da ke tsakiyar fili. "Innalillahi. Tun jiya muke gasa shi."

Ta ruga. Ta yage baƙar ragar tagar ofis da wuƙar Baduku, ta ninka biyu, ta ɗaura wa dokin a fuska, aka ja shi cikin barga. Kafin a sha ruwa a ajiye moɗa fizgar ta ragu. Can ya sauke kai, ya yi wani dogon numfashi, jikinsa yana rawa.

Mutane suka fara kabbara. Maigida bai yi ba.

"Wato ragar ba ta ƙuda ba ce," ya ce a hankali. "Kuma wani ya ɗauke ta. Wa ke rataye ta kullum?"

Duk suka juya suka dubi ɗakin da aka kulle surukina. Na cire shi daga bakin kura na miƙa wa zaki.

* * *

Azahar ta wuce. Na ce a raina, wanda ya shirya wannan bai yi shi da ka ba. Mai haƙa rami sai ya gwada zurfinsa. In ya gwada, ba a gaban mutane ya yi ba.

Na zagaya bayan barga. Akwai wani lungu tsakanin tankin ruwa da doguwar katanga mai farin fenti, inda rana ke dukan bango ta dawo ta daki ido. Tankin yana yoyo, ƙasar wurin kullum da danshi. Allah ya ji ƙan wanda ya ƙi gyara tankin nan.

Sawun akawalin yana nan, zuwa uku. Ba na jiya ba ne, tayar motar da ta kawo ciyawa shekaranjiya ta bi ta kan wasu. A zuwa ɗaya dokin ya tsaya cak, ƙafa huɗu a wuri ɗaya. A zuwa biyu ya tumurmushe wurin. Kuma duk sau ukun ga mutum a tsaye, nesa da tsawon igiya, ya kafe dugadugansa, yana kallo. Ya gwada da raga, ya gwada ba raga, ya sake gwadawa don ya tabbata.

Sawun mutumin na dogon takalmin roba ne, da faci a diddigen hagu. Na san facin nan. A ƙofar gidan 'yata aka yi shi, ina zaune.

"Ka samu wani abu, Baba?"

Sajan ne a bayana. Ban ji zuwansa ba, abin da bai taɓa faruwa da ni ba. Ya dubi sawun, ya je ƙofar barga ya ɗauko takalman surukina inda yake ajiye su, ya ɗora ɗaya a gurbin. Ya zauna daram.

"Ka yi haƙuri," ya ce. "Kai ka samo da kanka."

Na taɓa kwana uku a cikin rijiya da karyayyen haƙarƙari, ban ji abin da na ji a lokacin ba. Na ga fuskar 'yata. Na durƙusa a kan sawun, ba don dubawa ba.

A durƙushen ne na gani. Surukina ƙafarsa kamar faranti, in ya taka laka gaban takalmin ne ke nutsewa. Wannan gaban ko taɓa ƙasa bai cika yi ba, diddige yake ja. Ƙaramar ƙafa ce a babban gida. Sannan na bi layin da suka shigo, na bi wanda suka fita. Na miƙe.

"Saura nawa la'asar?"

"Rabin awa."

"Tara mini su. A share ƙofar barga, a yayyafa ruwa."

* * *

Aka taru: maigida, Sajan, Likita, Baduku, maigadi, Goga, da surukina da aka fito da shi da ankwa. Mai bindigar da aka kira don dokin ya iso, yana jingine da motarsa. Daga ƙofar barga zuwa kwamin da dawakai ke shan ruwa taku ashirin ne, goma a inuwar rufi, goma a rana.

"Takalmi ba shi da amana," na ce. "Duk wanda ya sa ƙafa, nasa ne. Kowa zai sa waɗannan ya ja dokin zuwa kwami, in ga takunsa."

"Wasan yara," in ji Baduku. Amma ya sa, ya ja dokin da ragar taga a fuskarsa, ya kai ya dawo yana ƙunƙuni. Maigadi ya yi nasa yana karanto addu'a. Aka cire wa surukina ankwa ya yi nasa. Ina tafe a gefensu, kaina a ƙasa kamar mai ƙirga taku. Ba takun nake kallo ba. Duk wanda ya tashi cikin dawakai ta hagu yake zuwa wa doki. Ta nan ake hawa, ta nan ake ja, igiya a hannun dama. Su ukun haka suka yi ba tare da sun yi tunani ba. Mutumin bayan tanki kuwa, shiga uku, fita uku, a dama da dokin yake tafiya.

"Saura kai, Goga."

Ya yi murmushi. "Har da ni, dattijo?"

"Har da maigida in ta kama."

Ya cire takalman fatarsa ya jera su, ya zura na robar. Ya zo ta hagu, yadda ya koya wa ɗaruruwan mutane. Ya ɗauki igiyar da hannun dama, ya naɗa ta sau biyu a yatsunsa. Yana taka gaban takalmin da ƙarfi, yana buɗe taku. Ƙafarsa yake gadi.

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi, ni da nake alfahari da komai. Muna kaiwa bakin inuwa na miƙa hannu na zare ragar daga fuskar dokin.

"Baba!" Likita ta daka tsawa.

Taku biyu a rana, dokin ya fizge kai. Igiyar ta zame daga hannun Goga kamar daga kan ƙusa, yatsun ko motsi ba su yi ba. Dokin ya yi baya, zai miƙe, mutane suka watse. Kafin ka ce kwabo Goga ya sunkuya ta ƙarƙashin wuyansa, ya ɓullo ta dama, ya cafke ragamar da hannun hagu. Ya juya shi ya ba rana baya, ya tura kan dokin cikin hammatarsa, ya rufe masa ido da rigarsa.

"Yi haƙuri," yake ce masa. "Yi haƙuri, ɗan uwa. Ga inuwa nan."

Ya ja shi ya mayar ƙarƙashin rufi. A kan jiƙaƙƙiyar ƙasar ga layi biyu sun koma barga, kofato a hagu, takalmin roba a dama, diddige yana ja.

"Sajan," na ce, "je ka bayan tanki ka dubi wancan, ka zo ka dubi wannan. Likita ta sha karatu kafin ta gane rana ce. Shi wa ya faɗa masa ya rufe ido? Wa ya ce wa Baduku baƙar dai?"

Goga bai saki dokin ba. Likita ta zo ta mayar da ragar, ta harare ni harara mai kyau.

"Tun yaushe hannun ya mutu?" na tambaye shi.

"Shekara ɗaya da rabi." Muryarsa ba ta rawa. "Wuyana ne. Wata tsohuwar faɗuwa."

Maigida ya matso. "Kai? Kai da ka ɗora ta a sirdi?"

"Tsorata ta na so in yi. Na ce zai yi mata fizga biyu a hanya, ta sauka, ta ce ba za ta iya ba, ku dawo mini da shi. Na manta ni na koya mata kada ta taɓa sauka. Ragar tana cikin akwatina."

"Ka bari a kulle bawan Allah," in ji maigida. "Ka bari dokin ya wuni a rana, kana zaune kana shan shayi."

Ya nuna akawalin da yatsa.

"Shekara biyu ka san yana da ciwo. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ranka ya daɗe, ni ba ka ma tabbatar ba. Zargi kawai ka yi hannuna ya yi sanyi, ka sauke ni a gaban yara, ko tambayata ba ka yi ba. Shekara ashirin da shida ina yi maka aiki. Shi dokin da ba ya magana, me za ka yi masa?" Ya nuna mai bindiga da haɓa. "Ga shi can ka kira."

Maigida ya dubi dokin, sannan ya ɗaga wa mai bindigar hannu alamar ya tafi.

Sajan ya ɗauko ankwar da aka cire wa surukina.

"Ba ni minti goma," in ji Goga. "Likita, kina da takarda?"

Ya zauna a kan bokiti, ta tsuguna a gabansa da biro. Ya fara faɗa tana rubutawa. Daga hantsi zuwa bayan la'asar kada ya ga rana. Watannin zafi ya fi tsanani, da sanyi har a manta. Ranar iska a ƙara masa ƙaramar raga a kan hanci, ta taɓa leɓe. Kada a ɗaure shi kusa da farin bango. Kada a yi masa aski a fuska. In zai fara, kunnen hagu ne ke fara rawa, daga nan akwai kamar minti ɗaya a kai shi inuwa. Surukina yana tsaye a gefe, bakinsa yana motsi, yana haddacewa.

"Kuma in ya fara kada a dake shi," Goga ya ce. "Ba taurin kai ba ne. Rubuta wannan da girma."

Ta rubuta. Sajan, wanda ya rantse ba zai ƙara minti ɗaya ba, ya bar shi ya yi kusan ashirin.

Yarinyar ta tashi bayan wata bakwai, da sanda, kuma ba ta sake hawa ba. Don haka kada wani ya ce mini abin tausayi ne kawai; abin da ya yi ya yi. Ɓarayi da masu kisa da na miƙa wa hukuma sun fi yatsun mutum biyar, kuma ban taɓa bin ko ɗaya da kallo ba. Wannan kaɗai na raka har bakin mota. Ya tsaya a gaban ƙofar, ya kai hannun dama kan mariƙin, ya tsaya haka nan.

Na buɗe masa.